Baba a Layi

A Taminus, bayan masu karas da kabeji,
akwai shagon da bai fi tabarma biyu ba.
Nan na kai hoton Baba a cikin filashi,
hoto ɗaya tak da ya rage mana:
yana tsaye bakin ramin kuza a Bukuru,
hula a karkace, shebur a kafaɗa.
Inna ta ce idonta ba ya ganin na cikin waya,
tana son wanda za ta shafa.

Nanret, mai shagon, ta hura tafinta don sanyi,
ta ce, minti biyu ne, Malam, zauna.
Ta danna. Shiru.
Ta danna, ta danna, ta ƙara dannawa.
Firinta ta yi gum kamar an ci bashinta.
Kwamfuta ta ce ita ba ta san ta ba,
alhali tebur ɗaya suke kwana,
kamar 'yan'uwan da rabon gado ya shiga tsakani.

Ta zare waya, ta busa, ta mayar.
Ta ce, direba ne ya tsufa.
Na leƙa titi ina neman mota.
Ta yi dariya har biro ya faɗo daga gashinta:
wannan direban a ciki yake zaune,
tafinta ne, shi ke kai magana.
Muka sauko da sabo, datata ta tafi.

Sai ƙugi. Sai takarda ta fara numfashi.

Baba ya fito ba kai.
Ga shebur, ga kafaɗa, ga ramin,
amma daga wuya takarda ta ƙare.
An faɗa wa injin babba, an ba shi ƙarama.
Muka gyara awo.

Ya fito kore shar kamar ganyen yakuwa.
Jar tawada ta daskare a gidanta,
sanyin Jos ko ita bai bari ba.
Nanret ta ciro ta, ta murza a tafin hannu,
ta girgiza ta kusa da kunne
yadda ake jin ko kwakwa na da ruwa.

Na uku ya zo da zane-zane,
Baba na leƙo mu ta bayan taga mai ƙarfe.
Ta ce hancin injin ne ya toshe,
ta sa shi ya fyace sau uku.

Na huɗu ya maƙale.
Rabinsa a waje, rabinsa a cikin haƙoran roba.
Ta kama gefe za ta fizga,
ban san sanda na ce, a hankali,
ƙirjinsa ne kika riƙe.
Ta dube ni. Ta buɗe ta baya.
Ta zaro shi da hannu biyu.

Sannan aka ɗauke wuta.
Ƙanƙara ta fara jifan kwanon rufi.
Muka zauna cikin duhu, ni da ita da Baba huɗu,
ba wanda ya fito daidai,
har Tasi'u mai aski ya ja janareta
ya miƙo mana wuta ta taga.

Ba wanda ya taɓa komai.
Firinta ta farka da kanta,
ta tuna duk dannawar da aka yi mata da safe.
Baba ya fito, cikakke, da hula, da dariya.
Ya sake fitowa.
Ya sake.
Nanret ta miƙa hannu za ta tsayar, na ce bari.

Tara.
Ashe ba ƙi ya yi ba, layi ya bi,
mutumin da ya shekara ashirin
yana jiran a kira lambarsa ranar biya.

Mu bakwai ne, ga na Inna,
ɗaya ya yi saura.
Nanret ta ce kuɗin ɗaya za ta karɓa,
laifin yatsanta ne.
Na biya tara, ta mayar mini da na uku.

Na sa su cikin riga saboda ruwa.
Shi koren nan, ban nuna wa kowa ba.
Yana aljihuna.
A shi kaɗai ne wushiryarsa ta fito sosai.