Lissafin Kolo

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina sayar da shawara.
Ba ta shiga buhu, ba ta hawa sikeli,
amma na ga an biya ta da kuɗin da zai sayi rabin Zango.

A gindin ma'auni na fara, bayan Kasuwar Dole,
ɗan lakwal da alƙalami a kunne,
ina rubuta buhunan gyaɗar Alhaji Barma.
Shi ya ce mini: Kolo, kuɗi akuya ne,
in ka ɗaure ta rame, in ka saki ta ci gonar wani.
Na yi dariya.
Sai da furfura ta fito na gane.

Yamai, Abijan, Dakar.
Ɗakuna masu sanyi kamar cikin randa,
dogon tebur, kowa da kwalba gabansa.
Ni da na tashi garin da ake kwana layin famfo da jarka,
ni na zama gwanin kuɗin ruwa.
Na ɗaura auren kamfani da kamfani,
na yanka sadaki, na zauna wurin rabuwa.
Mai shirin karyewa tun a gaisuwa nake gane shi:
yana daɗewa riƙe da hannunka.

Akwai guda da har yau ba ta bar ni barci.
Majemar fatu ce, nan gida.
Lissafi ya ce a sayar, na ce a sayar.
Mutum saba'in da uku suka koma layi ɗaya
a shafi na goma sha tara.
Cikinsu har da Ari, da muka buga ƙwallon tsumma tare.
Har ya koma ga Allah bai taɓa tada zancen ba.
Yakan miƙo hannunsa mai launin bagaruwa,
ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya.
Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Yanzu ina Birni, a zauren mahaifina.
Agogon zinariyar da suka ba ni ranar sallama
yana ƙasan akwati; ladan ya ishe ni.
Da la'asar nakan hau dutsen bayan gida, gwiwa tana ƙara,
in ga awaki suna bin inuwa.

Jiya Falmata ɗiyar Ari ta zo da littafin adashe.
Mata goma sha biyu, jikka bibbiyu duk Alhamis.
Injin niƙa suke so, rabi hannu, rabi bashi.
Ta ce: Baba, an ce kai ka san kan kuɗi.
Na sa tabarau. Takardar tana rawa a hannuna.
Na yi mata tambayar da ban taɓa yi wa kowa ba a Abijan:
ranar da injin ya tsaya, su wa za su kwana da yunwa?

Ta fara ƙirga su da yatsu.
Na ce dakata, na ɗauko alƙalami,
na rubuta su da suna,
kowa da layinsa.