Layin Ya Katse

A teburin shayin Ilu, a Gujungu,
rediyo na jingine da gwangwanin madara,
kai kuma kana ciki kana dariya:
"Me ya fitar da mace ƙarfe biyun dare?"

Naƙudar Hansai ce ta fitar da ita.
Inna Kande ungozoma ce.
Da sabuwar reza a ƙullin zaninta
suka tare ta a gadar fadama.

Ba ka tambayi masu addar ba.

Na sa katin ɗari biyu na kira.
Ka ce bakinka ne, doka ta ba ka.
Na yarda. Nawa fa?
Sai layin ya katse.

Gobe suna.
In akwai mai a motarka,
zo ka maimaita
a gaban hannunta mai ɗinki tara.