Abincin Tsuntsun Tasalla

Ranar Lahadi, in Binuwai ta janye ruwanta
ta bar rairayi shimfiɗe har gaɓar can,
sai mu gangara ƙasan gada, ni da Tasalla,
ita da jirgi a hammata,
ni da faifan sola ɗaure a bayan keke
da tsohon ɗankwalin kakarta.

Jirgin dai ga shi nan.
Soson kwalin firji muka yanka da reza.
Fiffiken hagu ya fi na dama nauyi,
sai muka manna wa na daman dala biyar.
Shekara talatin ina gyaran rediyo a kasuwar Garwa,
ban taɓa haɗa abin da ya rabu da ƙasa ba
sai da jika ta sa ni gaba.

Wutar gida ba abin dogara ba ce,
jiya ma tun magariba suka ɗauke.
A nan kuwa ba mai kawo takardar kuɗi.

Sai dai akwai ladabi.
Faifai rana yake so, batir inuwa,
ga shi waya ɗaya ta haɗa su.
In jingina wancan da dutse, ya daga fuska sama,
in kifa wa wannan malafata.
Sau ɗaya na manta,
ya kumbura mana kamar ƙosai a mai,
kuɗin gyaran rediyo tara suka tafi.

Jar fitila.
Mu zauna.

"Kaka, ranar nan taka rowa gare ta."
Na ce ba rowa ba ce, ƙofar ce ƙarama,
duk girman kogi, ta bakin tulu yake shiga gida.
Ta taɓe baki, ta hau zanen jirage a rairayi da ɗan yatsa.

Shanun Hamajoda suka sauko shan ruwa,
wata bakar saniya ta tsaya mana a kan haske
tana tuƙa, ba ruwanta.
Lambobi suka fara sauka ɗaya-ɗaya.
Ya kore ta da sanda, ya tsuguna yana leƙe.
"Wannan tsuntsu me yake ci?"
Na ce, rana.
Ya yi shiru, ya dubi garkensa,
ya ce, "Kai ka huta da yawon neman ciyawa."

Minti arba'in da biyar, sannan koriya.

Hannuna rawa yake yanzu, ba na riƙe rimot.
Nawa jifa ne.
Farfela ta yi kukan sauro, na cilla shi cikin iska,
ya yi kamar zai sha ƙasa,
sai Tasalla ta cije leɓe, ya ɗago.
Masu babur suka tsaya a kan gada.
Wata shirwa ta zagayo ta duba shi,
ta ga ba nama, ta wuce.

Minti shida.
Abin da muka yi wa zaman ke nan.

Ni rabin kallon ma ban yi ba,
ina durƙushe ina matsa dutse,
ina juya faifai ya bi rana inda ta koma,
batir na biyu na shan rabonsa a ƙarƙashin malafa.

Sau uku ya tashi yau.
A na ukun ya sauka da hanci,
dala biyar ɗin ta ɓace a rairayi.
Batir na ƙarshe bai cika ba rana ta raɓa tsauni,
muka tattara, yashi har cikin kunne.

Da dare wuta ba ta dawo ba.
Na ji ƙwas-ƙwas a zaure, na leƙa:
ta jona ragowar da 'yar fitilar shagona,
tana shafa wa hancin jirgi gam
da sauran ranar da muka ɗebo a bakin kogi.