Layin da Aka Ƙara

Shekara ashirin da shida ina wannan teburi,
magatakarda a kotun da ke bayan kasuwa,
inda fanka ke juyi ba ta kawo iska,
inda gara ta fi kowa karatun shari'a.
Mamata ba sa zuwa mana da ƙafa,
a fayil suke zuwa, ɗaure da jan zare.

Ran Talata aka kira na Malam Barau,
ma'aikacin masaƙa a Kakuri tun ana busa jiniya,
tun inji na ci dare da rana,
har ranar da aka garƙame ƙofa aka ce su dawo gobe,
goben da ya yi ta jira har ƙasa ta rufe masa ido.

Alƙali ya ce in karanto abin da ya bari.
Na karanto:
gida mai ɗaki huɗu a Makera, kwanonsa ya sha tsatsa,
keke, rediyo, awaki biyu, ɗaya da ciki,
mangwaro a tsakar gida,
sai takardar haƙƙin sallama daga masaƙa,
mai hatimi uku, wadda ko ƙosai ba ta saye.

Aka cire kuɗin likkafani, aka bi da bashi,
don mamaci ba ya miƙe ƙafa da nauyin wani a wuya.
Mai shago ya tashi da littafinsa, aka sallame shi.

Tumuni ga Uwale, da ta fita takaba makon jiya.
Sudusi ga tsohuwarsa, sai da aka faɗa mata a kunne,
ta ce, "Ni da na so ya gaje ni,
yau ni ce zan ci gadonsa?"
Alƙali ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

Saura maza biyu da mata uku.
Lawandi ya ce a sayar da gidan kowa ya kama gabansa,
Nafi'u ya ce sai dai bayan ransa.
Hansatu, auta, ta tambayi yadda ake raba inuwar mangwaro.
Na san littafin nan ciki da bai,
babu babin inuwa.

Ana cikin haka wata dattijuwa ta tsaya bakin ƙofa,
takalminta duk jar laka.
Masinja ya ce, "Mama, wa kike ƙara?"
Ta ce, "Ba kowa. Biya na zo."

Rifkatu ce, mai tuwo a bakin masaƙa a da,
mota biyu ta hau daga Sabon Tasha.
Ta kwance bakin zani, ta kwance wani ƙullin a ciki.
"Shekarar da mijina ya kwanta asibiti ya ba ni,
ba takarda, ba shaida, ya ce in kin samu.
Ban samu ba sai bana,
ban ji rasuwar ba sai Lahadi, bayan coci."

Dubu ashirin da huɗu, tsofaffin takardu masu ƙanshin hayaƙi.
Babu wanda ya san da su a cikin magada,
ko Uwale, da ta rufe fuska da mayafi.

Alƙali ya ce, "Magatakarda, ƙara layi."
Na ƙara, a ƙasan awaki, biro yana ɗan rawa.
Uku ga matar, huɗu ga uwa,
sha bakwai a kan kaso bakwai sun ƙi rabuwa daidai.
Lawandi ya dubi Nafi'u, Nafi'u ya dubi siminti,
ba wanda ya nemi canji.

Batun gida an ɗaga shi zuwa bayan salla,
kuma na san za su dawo da zafinsu.

Da la'asar na ɗaure fayil ɗin da zarensa.
Jerin lamba ya ce ƙasan kabad ne wurinsa,
inda yayyo ke taruwa duk damina.
Na taka kujera, na ɗora shi can sama.