Hular da Na Saƙa Sau Biyu

A tsibirinmu maza ke saƙa.
Na gama hular tun ba a haƙe dankali ba,
ja da fari, gashin tumakinmu,
daidai kan baƙon da aka ce zai sauka ran sha biyu.
Sha biyu ta zo, ta sha ruwa, ta wuce.
Hermelinda na nan da kayanta.

Surukata ta ce, “Yaushe ciki ya san kalanda?
Abin da ya nuna, da kansa yake faɗowa.”
Na ji daɗin maganar,
don kuɗin jirgi zuwa Puno ba wasa ba ne.

Kwana goma sha ɗaya da wucewar rana
ungozoma Ubaldina ta hawo tudunmu tana haki.
Ta taɓa cikin, ta daɗe ba ta ce komai ba.
Sannan ta ce, “Saturnino, kai manomi ne.
Dankalin da ya wuce lokaci a ƙasa, me ke samunsa?
Mabiyiya ma tsufa take yi,
rumbu ce da ake ci ba a zubawa.
Ruwan da ɗan ke kwance a ciki yana janyewa,
cibiya na matsuwa.
Wani yakan yi kashinsa na farko a ciki, ya shaƙa.
Wani ya yi girman da kafaɗa za ta ƙi ƙofa,
uwa ta yage, jini ya ƙi tsayawa.
Wani kuma shiru kawai yake yi.
Ku ƙirga motsinsa.”

Daren nan muka ƙirga da wake.
Duk shuri ɗaya, ƙwaya ɗaya a kwano.
Jiya kafin wuta ta mutu mun haura goma.
Yau wata ya fito, ya raba sama,
ƙwaya uku.

Na buga ƙofar Eleuterio mai jirgi.
Awa uku a kan Titicaca,
sanyi na cizon kunne,
ita tana rera wa cikin waƙar kakarta,
ni ina zagin injin a zuci.

Aka ɗaura mata ruwan naƙuda.
Da faya ta fashe, kore ne, kamar gansakuka.
Na’urar da ke jin zuciya ta fara jan ƙafa.
Suka tura gadon da gudu,
ƙofa ta rufe a hancina.

Ban san tsawon shirun ba.
Na dai san na cinye farcen babban yatsana
kafin kukan ya fito, siriri, a shaƙe.

Mace ce.
Farata zaƙo-zaƙo, fata na saɓa
kamar tsohuwar da ta wuni tana wanki.
Uwar na barci, an ɗinke ta, an ƙara mata jini leda biyu.

Hular ta ƙi shiga.
Na zauna a barandar asibiti ina warware ta.
Surukata ta zo ta zauna kusa da ni.
Ba ta ce komai ba.
Hannu biyu ta miƙo
na naɗa mata zaren.