Sawu a Gonata

Da asuba na tarar da sawu a gonata,
faɗinsa ya kai faifai, ruwa na taruwa.

Barau ya tsaya a ciki da ƙafafunsa biyu,
yana dariya. Yaro, ina ruwansa da yunwa?

Firi da maimai da huɗa, ni da Laraba,
taki buhu biyu bashi, alkawari sai an girbe dawa.

Dare goma sha tara na kwana a bukka,
hayaƙin barkono na tashi, gwangwani ina bugawa.

Da rana gwaggon biri, ya san ƙarar majajjawata,
ya karya masara mai goyo, yana kallona yana ɓarewa.

Daren da zazzaɓi ya kwantar da ni a gida,
shi ne daren da ta zo da 'ya'yanta, giwa.

Abin da ta ci bai kai abin da ta taka ba.
Kara a kwance jere-jere, kamar an shimfiɗa gawa.

Da hantsi ma'aikacin gandu ya iso bisa babur,
ya auna, ya ɗau hoto, yana ta rubutawa.

Ashe ɗan Gambo ne. Ya ce, "Baba, yi haƙuri,
gonar tsohona ma ta bi ta shekaranjiya da tsawa."

Na ce, "Takardar nan ta bara ina ta kwana?"
Ya dubi ƙasa. Na ba shi ruwa, muka zauna a inuwa.

Motoci na ratsa Mainamaji, sun nufi Wikki,
baƙi na biyan kuɗi, ko Allah zai sa su hango ta tana wucewa.

Ni har gona ta same ni, ban nema ba,
kuma kuɗin kallona ya fi na kowa.

Kakana ya ce nan hanyarta ce zuwa kogin Gaji
tun ba a kafa turke ba, tun ba a san mu ba a wannan dawa.

To, ban zage ta ba. Bindigar ma tana rataye.
Amma rumbu ba ya jin tarihi, sai zubawa.

Laraba na tsintar zangarniyar da ta tsira,
kwando ɗaya bai cika ba, ba ta daina dubawa.

Akwai sauran damshi. Na kwance ƙullin wake.
Barau ya jefa biyu a sawun, da diddige yana rufewa.