Allurar Giya

Daga Cadawa na ɗauro tirela,
aya buhu talatin, rana tsaka.
Motar na canza giya da kanta,
fargabar ce ta bar mini.

Tamanin da biyar, in ji allura.
Lafiya lau.
Casa'in da biyar a hawan tudu,
har yanzu ba mu ɓata ba.

Da ta haura ɗari da goma
na tuna Ɗan Tani bakanike:
"Man nan ja ne kamar zoɓo.
Ran da ya koma launin daddawa,
ragonka ya tafi kasuwa."

Na ratse gindin gawo,
na bar inji yana numfashi.
Mai aya sai kira yake.
Maraɗi ba gudu za ta yi ba, Alhaji,
bari allura ta sauko.